Shin Ana Auna Zuciya da Tiya?

Ya ku 'yan'uwa, a Dakusa da sauran kasuwannin Damagaram da tiya muke auna gero. To, da me za a auna natsuwar zuciya?

A 1982 wasu masana a Amurka, Paloutzian da Ellison, suka tsara tambayoyi 20: goma kan dangantakar mutum da Ubangijinsa, goma kan gamsuwarsa da rayuwa. Daga 2007 kuma Jami'ar Duke ta duƙufa kan lafiyar fastoci, har tana tambayarsu ko suna jin kusancin Allah cikin hidimarsu.

Haƙiƙa ikhlasi ba ya shiga ma'auni. Amsar mutum zatonsa ne game da kansa, Allah kaɗai Ya san gaibu. Amma tambayar ta tona sakacinmu, domin mai wa'azi kan shayar da jama'a alhali rijiyarsa ta ƙafe.

Ranar 16 ga Janairu 2015 aka ƙona majami'u a Damagaram. Wa ya tambayi fastocinsu, maƙwabtanmu, yadda suka kwana? Limaminmu fa, yaushe muka tambaye shi?

Allah Ya gyara zukatanmu, amin.