AMANAR JINI A WUYAN IYAYE

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta, Ya kuma saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu yi magana a kan cututtukan jini da alamominsu, domin jiki amana ne, kuma za a tambayi kowane magidanci a kan waɗanda aka ba shi kiwonsu. Sau da yawa yaro yakan kwanta ciwo a ce mayu ne suka kama shi, ko a ce iska ce, a yi ta turare ana zargin maƙwabta, alhali cutar tana cikin jininsa. Da haka sai a haɗa laifi biyu: an bar yaro ba magani, an kuma yi wa bayin Allah ƙazafi.

Ta farko, wadda ta fi yawa, ita ce ƙarancin jini. Alamominta su ne kasala, da jiri, da haki bayan ɗan ƙaramin aiki, da bugun zuciya. In an duba tafin hannu da harshe da cikin fatar ido sai a ga sun yi fari fat. Wasu mata masu ciki har sukan ji kwaɗayin cin farar ƙasa. Abubuwan da kan kawo ta sun haɗa da zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da tsargiya, da zubar jini wajen haihuwa, da rashin abinci mai gina jini kamar hanta da nama da wake da zogale da alayyafo. To, ya kai maigida, ciyar da iyali wajibi ne a kanka, ba alfarma ba ce. Wanda ya ci tsire a tasha ya bar matarsa mai ciki da tuwo gaya, lalle ya sake duba lamarinsa tun kafin ranar tambaya.

Ta biyu ita ce cutar rashin daskarewar jini, inda ƙaramin rauni kan yi ta zuba ba tsayawa, gwiwa ta kumbura ba tare da an faɗi ba. Galibi maza take kamawa, ta hanyar uwa kuma ake gadonta. Malamin likitancin nan na Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya ba da labarin wasu mutane da mazajensu ke mutuwa saboda zubar jini daga ɗan rauni. Saboda haka gidan da aka taɓa rasa yaro ta zubar jini wajen kaciya, kada a kira wanzami sai likita ya auna jinin ɗan tukuna. Kaciya abar nema ce a addini, amma tsare rai yana gaba da ita.

Ta uku, wadda ta fi ɗaga mana hankali, ita ce amosanin jini, watau sikila. Ƙwayar jinin mai lafiya kewayayya ce, tana yin kwana kamar 120 tana aiki. Ta mai sikila kuwa takan lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Alamomin sukan fara bayyana tun jariri yana da kamar wata 6: hannuwa da ƙafafu su kumbura, ya yi ta kuka ba lallashi. In ya tasa sai ciwon ƙashi mai tsanani, musamman da sanyi ko damina, idanu su yi rawaya, saifa ta kumbura, zazzaɓi ya yawaita, girma ya yi jinkiri. An ƙiyasta cewa a Nijeriya ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta kowace shekara, kuma kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da irinta a ɓoye, yana lafiya lau.

Ga yadda ake gadonta. Mai jinin AS ba mara lafiya ba ne. Amma idan mai AS ya auri mai AS, to, kowane ciki da aka ɗauka akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 a haifi mai SS. A lura, ba ana nufin ɗa ɗaya cikin huɗu ke nan ba ƙari ba. Ana iya samun uku a jere, ana iya rasa ko ɗaya. Kuma uba da uwa kowa ya ba da rabonsa, don haka zalunci ne a saki mace ana cewa ita ta kawo cuta gida.

Wani zai ce, ai abin da Allah Ya rubuta sai ya faru, mene ne amfanin gwaji? Gaskiya ne, ba mai tsere wa ƙaddara. Amma mu tuna da Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, lokacin da ya nufi ƙasar Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke can. Ya yi shawara da sahabbai, sa'an nan ya juya da jama'a zuwa Madina. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce. Haka nan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure abinsa tukuna, sa'an nan ya dogara ga Allah. Gwajin jini kafin aure ɗaurin raƙumi ne. A shekarar 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta shi, amma mai tsoron Allah ba ya jiran doka. Abin da ya fi kyau a yi shi tun farkon neman aure, kafin a kai kuɗin gaisuwa, kafin zukata su shaƙu. Wanda kuwa ya sayi takardar sakamako ta ƙarya, ya ha'inci amarya da iyayenta da 'ya'yan da ba a haifa ba, kuma ha'inci haramun ne.

Waɗanda Allah Ya riga Ya jarrabe su da irin wannan ɗa, kada su yanke ƙauna. Akwai masu sikila da suka yi karatu, suka yi aure, suka manyanta. A riƙa ba yaro ruwa da yawa, a rufe shi daga sanyi, a kwantar da shi cikin gidan sauro, a yi masa allurar rigakafi, a riƙe magungunan da likita ya rubuta, kuma da zarar jikinsa ya yi zafi a garzaya asibiti. In likita amintacce ya ce azumi zai cutar da shi, shari'a ta yi masa rangwame, kada a tilasta masa. Ku kuma masu ƙoshin lafiya, ba da jini don ceton rai sadaka ce mai girman lada.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa iyaye masu jinya da alheri, Ya ba mu zuriya mai albarka, amin. Wassalamu alaikum.