Tsakanin Sana'ar Hannu Da Kyautar Zumunci

A ce sana'arki saƙar kayan jarirai ce. Wata ta ba ki kuɗin zare, kin yi mata alƙawarin ranar Alhamis, sai ga labari ƙanwar maigida ta sauka, suna ranar Juma'a. Wanne za ki fara saƙawa?

Da yawanmu kunya ce ke yanke mana hukunci. Sai mu ture aikin mai kuɗi, mu kwana muna yi wa dangi, don kar a ce wance ta cika son abin duniya. To amma aikin da kika karɓi kuɗinsa amana ce a wuyanki, cika alƙawarinsa wajibi ne. Kyauta kuwa mustahabbi ce, kuma ba a barin farilla saboda nafila.

Ba cewa nake ki rufe hannu ba. Uwar Muminai Zainab bint Jahsh (RA) jima take yi da ɗinkin fata, abin da ta samu ta yi sadaka da shi, har ta zarce sauran matan Annabi (SAW) wajen kyauta. Sana'ar ce ke ciyar da kyautar.

Don haka ki ware wa zumunci rabonsa daga riba, kar ki taɓa uwar kuɗi. Ranar da ba ciniki, ki saƙa 'yan huluna da safa ki ajiye. In lokaci ya ƙure miki, ki je barka da sabulu, ki ce saƙa na nan tafe.

Allah Ya sanya albarka a hannuwanmu, amin.