Haƙuri ko Cutar da Kai? Haƙƙin Jiki a Kan Mai Tseren Tirayatalon

Tirayatalon gasa ce da ta haɗa ninkaya da tseren keke da gudu, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an tsayar da agogo ba. An fara ta a sigarta ta yau a San Diyego ta Amurka a 1974, ta kuma shiga wasannin Olamfik a Sidini a 2000, inda ake ninkayar kilomita 1.5, a tuƙa keke kilomita 40, a yi gudun kilomita 10. Doguwar da ta fi suna ita ce Ironman, wadda aka soma a Hawayi a watan Fabrairun 1978 da mutum 15, 12 suka kai ƙarshe. A cikinta ana ninkayar kilomita 3.8, keke kilomita 180, sannan a rufe da gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42.2.

Mafi yawan masu shiga ba da wasan suke ci ba. Likitoci ne da malaman makaranta da ma'aikatan ofis da iyaye mata, waɗanda ake jerawa rukuni-rukuni bisa shekarunsu, kuma daga aljihunsu suke biyan kuɗin rajista da na keke da na tafiya. Ƙwararren ɗan wasa yana iya cewa jikinsa ne jarinsa. Mai yi don sha'awa ba shi da wannan hanzari, don haka a kansa tambayar ta fi fitowa fili: wace wahala ce ta halatta mutum ya ɗora wa jikinsa da gangan, kuma daga ina juriya take komawa zalunci?

Atisaye da kansa ba ya ƙara ƙarfi. Gajiyar da jiki yake yi, ya bar ƙananan raunuka a tsoka, sai a lokacin barci da hutu da cin abinci jiki ya gyara abin da ya lalace, ya ɗan ƙara a kai. A 2013 manyan ƙungiyoyin kimiyyar wasanni na Turai da Amurka sun fitar da matsaya guda da ta kasa wuce kima gida uku. Akwai gajiyar da kwanaki kaɗan na hutu ke mayar da ita ƙarfi, akwai wadda ke cin makonni ko watanni ba tare da wata riba ba, akwai kuma ciwon atisayen da ya wuce kima, wanda kan kwantar da mutum watanni ko fiye. Gajiyar ɗan sha'awa tana saurin gangarawa daga na farko zuwa na biyu, domin shi ba ya komawa gado bayan atisayen asuba. Ofis yake tafiya.

Rauni kuma yana da nasa dalilin. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da aiki fiye da jijiya da ƙashi, sai mutum ya ji numfashinsa na iya ƙarin tafiya alhali ƙwaurinsa bai shirya ba. Gudu ne ya fi jawo irin wannan rauni: ciwon gwiwa, kumburin agara, tsagewar ƙashin ƙwauri ko na tafin ƙafa. Idan aka haɗa da rage abinci don a rage nauyi, lamarin kan taɓa jinin al'adar mata da ƙarfin ƙashi da garkuwar jiki, matsalar da Kwamitin Olamfik na Duniya ya yi wa bayani na musamman a 2014.

Sarewar zuciya daban take da gajiyar gaɓoɓi. Masanin halayyar 'yan wasa Thomas Raedeke ya bayyana alamunta uku a 1997: gajiyar jiki da rai, jin cewa ba a tsinana komai, da kuma fitar wasan daga zuciya. Ya lura cewa ta fi kama wanda ya ci gaba don ya rasa yadda zai bari. An riga an biya kuɗi, an gaya wa abokai, an sayi keke mai tsada, har mutum ya manta ko shi wane ne in ba ɗan tsere ba.

Al'adar wasan kuwa ta gina sunanta a kan waɗanda suka faɗi. A Fabrairun 1982 wata ɗaliba, Julie Moss, tana kan gaba a Hawayi sai ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta dab da ƙarshe. Kathleen McCartney ta wuce ta, ita kuma ta ƙarasa da rarrafe, talabijin ya yaɗa hoton, jama'a suka yi ta kwarara cikin wasan. A 1997 Chris Legh na Ostareliya ya yanke jiki ya faɗi saura mita kamar 50, aka yi masa tiyata aka cire wani ɓangare na babban hanjinsa. Irin halin da ya sa aka ɗaukaka Moss shi ya kusa kashe Legh, kuma babu ɗaya cikinsu da zai iya sani a lokacin wanne ne rabonsa.

Masu kare wannan wahala suna da hujja mai nauyi. Masanin falsafa Bernard Suits ya nuna a 1978 cewa asalin wasa shi ne mutum ya zaɓi cikas ɗin da ba dole ba, ya yi ƙoƙarin tsallake shi. Ga wanda rayuwarsa ta zama kujera da mota da allon kwamfuta, wahalar da ya zaɓa tana koya masa tsari da cika alkawari da sanin iyakarsa. Musulunci bai ƙi wannan ba. An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya kuma shirya tseren dawaki a Madina, hadisin Muslim kuma ya fifita mumini mai ƙarfi a kan mai rauni, tare da cewa kowannensu na da alheri.

Masanin falsafa Aristotul ya riga ya lura cewa motsa jiki, ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ƙarfi yake rushewa, kuma tsaka-tsaki ba lamba ɗaya ba ce ga kowa: abincin da bai ishi ɗan kokawa Milo ba ya yi wa sabon shiga yawa. Wannan gaskiya ce, sai dai ba ta faɗi yadda za a gane an ƙetare ba.

Fiƙihun Musulunci ya fi zurfafawa a nan, domin ya fuskanci matsalar a fagen da ya fi wasa daraja, wato ibada. Abdullahi ɗan Amr ɗan As yana azumi kullum, yana raya dare duka. Annabi (SAW) ya gargaɗe shi cewa idanunsa za su zurma, ransa ya gaji, ya tunatar da shi cewa jikinsa da idanunsa da matarsa duk suna da haƙƙi a kansa. Da ya nace, aka tsayar da shi a kan azumin Annabi Dawuda, yini ɗaya a yi, yini ɗaya a sha. Da tsufa ya zo masa sai ya riƙa cewa ina ma ya karɓi sassaucin. Haka kuma Annabi ya ga wani tsoho ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu domin ya yi bakancen zuwa Ka'aba da ƙafa, ya bayyana cewa Allah ba ya bukatar azabar da yake wa kansa, ya umarce shi ya hau abin hawa. Labarin Abu Isra'ila ya fi tsefe lamarin. Ya yi bakancen tsayuwa a rana, ba zama, ba inuwa, ba magana, kuma yana azumi. Aka ce ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, amma ya cika azuminsa. Ba a soke wahalar duka ba. An bar wadda ke tare da aikin, an zubar da wadda aka ƙirƙira don wahalar kanta.

Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Garnaɗa wanda ya rasu a 1388, ya tsara wannan a littafinsa al-Muwafaƙat. Wahalar da aka saba, irin ta neman abinci da sana'a, ba ta hana aiki, kuma mai gudun ta malalaci ne. Wadda ta fita daga al'ada kuwa ana gane ta da ɗayan abu biyu: dawwama a kan aikin ya kai ga yanke shi, ko ya jawo tawaya ga mai shi a jikinsa ko dukiyarsa ko wani hali nasa. Ya ƙara da cewa mutum na iya nufar aiki mai girma ko da akwai wahala a cikinsa, amma ba ya halatta ya nufi wahalar ita kanta. Ma'aunin nan ya dace da ɗan tsere ƙwarai. Yankewa ita ce sarewar zuciya, tawaya ita ce tsagewar ƙashi da bashi da gidan da ya rasa mai shi kowace Asabar da Lahadi. Idan har azumi da tsayuwar dare ba su halatta wa mutum ya lalata jikin da aka ba shi amana ba, lambar yabo da ake ratayawa a wuya ba za ta halatta ba.

Wurin da lamarin ya yi wuya shi ne wa zai yanke hukunci. Hausawa na cewa jiki magayi, amma ɗan dogon tsere ya shekara yana koyon yin kunnen uwar shegu da abin da jikin ke faɗa, domin in ba haka ba ba zai wuce kilomita 30 na gudu ba. Ƙari a kan haka, alamun farko na wuce kima, wato rashin barci da saurin fushi da raguwar sauri, sukan sa mai su ya zaci ƙarin atisaye yake bukata. Shi ya sa hukuncin kan zo daga waje. Salmanul Farisi ne ya ga halin da matar Abu Darda'i take ciki, ya sa mijin nata, wanda ya tsananta wa kansa ibada, ya ci abinci ya kuma yi barci, Annabi kuwa ya gaskata shi. A wajen ɗan tsere wannan matsayi na mai horarwa ne da likita da abokin zama, kuma dokokin gasar sun ba jami'ai ikon fitar da wanda suka ga yana cikin haɗari ko da bai yarda ba.

Bayan rauni ya auku, sai batun ƙaddara ya taso. Wanda mota ta buge a kan keke da wanda ya yi wata biyu yana gudu a kan ƙwauri mai zogi duk ƙaddara ta same su, amma na biyun yana da abin da zai binciki kansa a kai, domin imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke alhakin sakaci ba. Haƙurin da ake nema daga gare shi yanzu wani iri ne da bai yi atisayensa ba: ya zauna, ya ci abinci ya ƙoshi, ya janye sunansa daga gasar da ya biya, ya ga abokansa sun tafi. Efiktitus, bawan da ya zama malamin falsafa kuma gurgu ne, ya koyar da cewa gurguntaka cikas ce ga ƙafa, ba ga nufin mutum ba, ko da yake wanda ya tattara duk mutuncinsa a kan tsere shi ya fi shan wuyar karɓar wannan. Tsagewar ƙashin ƙwauri kan nemi makonni shida zuwa takwas ko fiye kafin a koma gudu, kuma komowa da wuri yana cikin manyan dalilan da ke sa raunin ya sake dawowa a wuri ɗaya.