Tallafin Gona: Rabon Wa Ne?

A shekara ta 1962 ƙasashe shida na yammacin Turai suka kafa tsari ɗaya na taimakon manoma. Ba su manta da yunwar da suka sha a lokacin yaƙin duniya na biyu ba. Nufinsu shi ne abinci ya wadata, manomi kuma ya ci moriyar guminsa. Tsarin yana nan har yau, yana cin wajen sulusin kasafin kuɗin Tarayyar Turai.

Amma ga inda gizo yake saƙar. Yawancin kuɗin ana biyansa ne bisa ga faɗin gona. In an bi wannan ma'auni, mai hekta 500 zai karɓi ninki 100 na rabon mai hekta 5. Lissafin hukumar Tarayyar kanta ya nuna cewa wajen kashi 80 cikin 100 na kuɗin yana shiga hannun kashi 20 cikin 100 na masu karɓa. Wani lokaci ma ɗan haya ne yake noman, sai mai ƙasa ya ƙara kuɗin haya, tallafin ya zarce aljihun wanda bai taɓa saka ƙafa a kunya ba.

Ko wannan adalci ne? Masu goyon bayan tsarin suna da hujja. Sun ce babbar gona ita ce take cika kasuwa da hatsi, tana ɗaukar 'yan ƙodago, hasararta kuma babba ce in damina ta ƙi. Wannan gaskiya ne, arziki kuma ba zunubi ba ne. Amma kuɗin nan haraji ne, har da na talaka a ciki. In babban manomi ya ɗauki rabonsa ya saye gonar ƙaramin maƙwabcinsa, baɗi rabonsa ya ƙaru. Ta haka taimako yakan zama makamin korar wanda aka ce za a taimaka wa.

Shari'ar Musa ma ta dubi faɗin gona, amma ta wata fuska dabam. A Littafin Firistoci sura 19 an hana mai gona girbe gefen gonarsa, an kuma hana shi yin kala, domin matalauci da baƙo su samu. Da wannan doka ce Rut, gwauruwa kuma baƙuwa, ta ciyar da surukarta daga gonar Bo'aza. A can, girman gona shi ne ma'aunin abin da mutum zai bari wa wasu. A nan ya zama ma'aunin abin da zai karɓa.

Turawa ma sun ga aibin. Tun daga 2023 ƙa'idarsu ta ce a keɓe aƙalla kashi 10 cikin 100 na kuɗin domin ƙanana da matsakaitan gonaki. Gyara ne, ko da yake kaɗan.

Tambayar ba ta tsaya a Turai ba. Duk inda buhun takin gwamnati ya iso gari, ko dattawan ikkilisiya suka buɗe rumbun agaji, akwai takardar sunaye, akwai kuma mai riƙe da alƙalami. In shi mai bi ne, bari ya duba ko sunan gwauruwa mai 'yar gayauna yana ciki kafin ya rubuta nasa.