Amanar Gida a Hannun Wanda Aka Kora

Wanda aka kora daga ƙasarsa ana yi masa uzuri a kan abubuwa da yawa, har ma a ce ba a binsa bashin komai. Ni ban yarda da wannan ba. Mutanen da ya baro suna nan, labarinsu kuma amana ne a wuyansa, ko da a wace uwa duniya ya kwana. Rayuwar Abdoulaye Mamani ce ta tabbatar mini da haka.

An haife shi a 1932 a Gudumariya, gabashin Nijar, ya yi tashe a siyasar Damagaram ƙarƙashin jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary. A ƙuri'ar raba gardama ta 1958, Sawaba ta nemi jama'a su ce a'a ga Faransa, aka kayar da ita, a 1959 kuma aka haramta ta. Shugabanninta suka watse zuwa Mali da Ghana da Gini. Wasu mabiya suka tsallako Kano, inda 'yan NEPU suka karɓe su hannu bibbiyu, domin ciwonsu ɗaya ne. Mamani ya ƙare a Aljeriya, yana magana da yawun jam'iyyarsa a gaban baƙi, yana kuma rubutu.

Zaman waje yana da tarko. Ana ba ka masauki, ana kiranka taro, kana jawabi ana tafa maka, alhali duka da ɗauri suna sauka a kan talakan da bai da kuɗin mota. A 1964 Sawaba ta turo samari da makamai su kifar da gwamnatin Diori Hamani. Abin ya watse, aka kashe wasu, aka cika gidajen yari da wasu. Ina ganin shugabannin da ke waje suna da nasu kason alhakin wannan jini, kuma duk mai gaskiya a cikinsu ya san ba zai iya ci gaba da rayuwa kamar ba a yi ba.

Mamani ya koma gida bayan sojoji sun hamɓarar da Diori a 1974, gwamnatin Seyni Kountché kuma ta tsare shi. A 1980 littafinsa Sarraounia ya fito a Paris. Labarin sarauniyar Aznan Lugu ne, wadda ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi a wannan shekara. Labarin yana bakin tsofaffi, Mamani ya ƙara masa nama irin na mai ƙagaggen labari, ya rubuta shi da harshen waɗanda suka yi ɓarnar domin jikokinsu su karanta. Mutumin da ƙasarsa ta kora, ta kuma ɗaure, abin da ya ba ta ke nan. Mai shirya fim Med Hondo ya mai da littafin fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1987.

A nan Goron Dutse ta Kano ba a yi mana bayanin ɗauri, gidan yari yana unguwarmu. Ba a kuma yi mana bayanin tafiya, domin gidaje da yawa suna da ɗa a Makka ko Libiya ko Ingila. Wani yana aiko kuɗi duk wata, Allah ya saka masa, amma idan baƙi suka tambaye shi Kano sai ya shiga zagin ta don su yarda ya waye. Wannan ya ci amanar tsohuwar da ta sayar da akuyarta ta yi masa guzuri, kuma kuɗin da yake aikowa ba su wanke shi.

Mamani ya rasu a 1993 a haɗarin mota, a kan hanyarsa daga Damagaram zuwa Yamai domin karɓar kyautar adabi da ƙasar tasa ta ba shi.