Ɗan Wasan da Ya Koma Kano, Wa Yake Bin Sa Bashi?

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin ƴan uwana ƴan Nijar duk lokacin da hira ta biyo ta kan fim: wai yaranmu masu basira ba su da kishin ƙasa, da zarar mutum ya ga ya iya tsayuwa gaban kyamara sai ya ɗauki jakarsa ya nufi Kano. Masu wannan magana sukan yi ta ne da ɗacin rai, kuma sau da yawa a daidai lokacin da suke yin ta akwai wani shirin Kano da ke jiransu a cikin waya. Tambayar da nake so mu duba ita ce ko da gaske wanda ya tafi ya ci amanar wani, in kuma akwai bashi a wannan lamari, a wuyan wa yake.

Sai mun fara da lissafi, don kishi ba ya sayen man janareta. Mutanen Nijeriya sun haura miliyan 200, mu kuwa mun ɗan wuce miliyan 25. A cikin namu ma kusan rabi ne Hausawa, sauran akwai Zabarmawa da Fulani da Buzaye da Barebari da wasunsu, ko da yake da yawansu suna jin Hausa. Kuɗin da za a kashe a ɗauki shiri na awa ɗaya kusan ɗaya ne, ko mutum dubu ne za su kalla ko miliyan. Wanda ke da masu kallo da yawa yana raba wannan nauyi a kan kawuna masu yawa, sai kayansa su iso kasuwarmu da araha, wani lokaci ma kyauta. Mai gidan tele a Yamai ko Maraɗi da ke da awa biyu ta dare da zai cike yana da zaɓi biyu: ya biya marubuci da ƴan wasa da mai kyamara da mota, ko ya sa abin da aka riga aka gama a Kano wanda ya tabbata mutane suna so. Ba sai mutum ya zama mugu ba kafin ya ɗauki na biyun.

Wanda bai san tarihi ba zai ɗauka dama can ba mu taɓa yin komai ba. Alhali lokacin da aka yi Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin da ake ƙirga farkon wannan sana'a da shi, Nijar ta riga ta yi shekara fiye da ashirin da shiga harkar. Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966. Oumarou Ganda, tsohon sojan Faransa da Jean Rouch ya haɗu da shi yana aikin ƙarfi a Abijan, ya dawo gida ya yi Cabascabo, sannan fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, shekarar da aka fara ba da ita. A rediyo da Télé Sahel kuma akwai wasan kwaikwayo na Hausa da ya riƙe mutane, irin na su Yazi Dogo, da na ƙungiyoyin samariya da ke gasa a bikin matasa zamanin Seyni Kountché. Waɗannan wasanni da bakinmu aka yi su, da irin dariyarmu, da farfe da jandarma da mushen lakwal a ciki.

To amma kafin mu yi wa wancan zamani kirari, mu tuna da Zalika Souley. Ita ce tauraruwar waɗancan finafinai, ta fito a na Alassane ta fito a na Ganda, ta sha zagi a gari saboda irin rawar da take takawa. Ta zauna gida, kamar yadda muke so yaran yanzu su zauna. Da Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta, wanda ya fito a 2004, abin da duniya ta gani shi ne mace tana fama da talauci a Yamai, daga ƙarshe kuma ta fita ƙasar waje aikatau. Ta rasu a 2021. Duk wanda zai ce wa yarinya mai basira ta zauna gida don kishin ƙasa, ya kamata ya fara gaya mata abin da ƙasar ta yi wa wadda ta zauna.

Saboda haka ni ban ga laifin mai tafiya ba. Sana'a ce, kuma Bahaushe bai taɓa ɗaukar fita neman abinci a matsayin abin kunya ba. Da fatauci da cin rani aka gina garuruwanmu. Ba ma zargin magini da ya tafi Abijan ko mai shayi da ya tafi Legas. Me ya sa sai ɗan wasa ne za mu ɗora wa nauyin da muka sauke wa kowa? Ina jin dalilin shi ne mun ɗauki fuskarsa tamu ce, muna ganin kamar wani abu namu ya ɗauka ya kai wa wasu. Amma wanda bai ciyar da doki ba, ba shi da bakin cewa ga inda za a ɗaure shi. Fati Nijar ƴar Maraɗi ce, a Kano muryarta ta samu masu biyan ta, daga can kuma ta dawo ta shiga kowane gida a Maraɗin. Da ta zauna, wataƙila da ƴan unguwarsu kaɗai suka san ta.

Akwai ma masu wucewa gaba su ce ai babu wata matsala tun farko, don Kano ba ƙasar waje ba ce. Hujjarsu tana da ƙarfi. Iyakar nan Turawan Faransa da na Ingila ne suka shata ta a takarda, suka yi ta gyara ta a farkon ƙarni na 20. Sarautar Maraɗi ta Katsinawa ce da suka yo arewa bayan jihadi. Akwai gidajen da wa yake wannan ƙasa ƙane yake waccan. Ko a 2023, da aka rufe iyaka bayan juyin mulki aka kuma yanke mana wutar da ke zuwa daga Nijeriya, motocin kaya sun tsaya amma sabon kashi na shirye-shiryen Kano bai fasa isowa wayoyinmu ba, wanda ya samu inda zai yi caji ya kalla. In harshe ɗaya ne, addini ɗaya, tuwo ɗaya, me aka rasa?

A nan ne nake rabuwa da su, kuma a nan ne nake ganin ainihin maganar take. Da finafinan Faransa ne suka cika mana gidaje, da kowa ya san baƙo ya shigo, da an yi ta kuka. Wanda ya shigo da harshenka kuwa ba ka jin shigowarsa. Kana kallo kana ganin kamar kanka kake gani, ba ka lura cewa shekara ɗari da wani abu da aka yi ana rayuwa dabam ba ta cikin hoton. Kwana Casa'in na Arewa24 shiri ne mai kyau a kan siyasa, amma siyasar gwamna ce da ƴan jagaliya da akwatin zaɓen Nijeriya. Babu marubucin Kano da zai tashi ya rubuta shiri a kan ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, ko a kan babban taron ƙasa na 1991, ko yunwar 2005, ko leburan da ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin yuraniyom na Arlit, ko matar da mijinta ya nufi Libiya ta hanyar Agadas shekara uku ba labari. Ba rowa ce ta hana shi ba. Bai san su ba, masu kallonsa na gida ma ba su ne damuwarsu ba. In ba mu faɗa ba, babu mai faɗa, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba za mu ji ƙishirwar ba, tunda cikinmu a cike yake da labarin wasu da aka ba mu da harshenmu.

Ko labarin Sarauniyar Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, da Med Hondo ya mai da littafin Abdoulaye Mamani fim a 1986, a Burkina Faso aka ɗauke shi. Wannan dai wata magana ce.

Sai batun baki. Ɗan wasan da ya tafi Kano daga Tawa ko Ƙwanni ko Dogon Dutsi, abu na farko da yake ajiyewa a bakin ƙofa shi ne karin harshensa. Mai cewa shina zai koma yana, mai cewa munka tahi zai koma muka tafi, jika ta zama dubu, lakwal ta zama makaranta. Babu wanda ya sa masa wuƙa a wuya, kasuwa ce ta koya masa. Abin da na lura da shi a finafinai da yawa shi ne, in aka bar irin wannan karin ya fito, galibi a bakin baƙauye ne ko mai gadi ko wanda aka kawo don a yi dariya. Sakkwatawa ma sun san wannan ciwo. Likita da alƙali da saurayin da ake so duk Kananci suke yi. Yaron da ya tashi yana ganin haka kowane dare, me zai ɗauka game da yadda kakarsa take magana? Na ji yara a unguwa suna gyara wa juna baki da Hausar fim, suna yi wa wanda ya yi tasu ta gida dariya. Ba na cewa harshe kada ya canja, dama can yana canjawa. Amma akwai bambanci tsakanin ka ari kalma don ta yi maka amfani da ka bar taka don kana jin kunyarta.

Abin dariyar shi ne Kano ɗin ma ta san wannan zafi. Da aka fara fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, irin na su Algaita, masu shirya fim a Kano sun yi ta kukan cewa ana kashe musu kasuwa, don fim ɗin da aka kashe wa maƙudan kuɗi a Mumbai ya shigo da muryar Bahaushe a farashin da ba za su iya gasa da shi ba. Hujjar da suka kawo ita ce tamu, harafi da harafi. Na so a ce wanda ya ɗanɗana haka ya riƙa waiwayen na ƙasa da shi, ya sa ɗan Nijar a fim a matsayin ɗan Nijar mai mutunci da bakinsa da sefarsa, tunda kuɗin kallonmu ma suna shiga lissafinsa.

In akwai abin da nake bin ɗan wasanmu da ya yi suna a can, bai wuce wannan ba. Sa'ad da yake sabon zuwa ba shi da ta cewa, abin da aka ba shi zai karanta. Amma akwai ranar da sunansa ke sayar da fim, ranar da zai iya cewa a canja masa layi a kuma canja. Wanda ya kai wannan matsayi bai taɓa cewa a bar shi ya yi magana kamar mutanen garinsu ba, bai taɓa jawo aiki ɗaya zuwa Damagaram ko Maraɗi don na baya su koyi riƙon kyamara ba, wannan ina da magana da shi. Bashi ne ƙarami, na alheri, ba wanda ake kai mutum gaban alƙali a kansa ba.

Babban bashin yana wuyan masu ƙorafin. Wasu suna cewa gwamnati ta tilasta wa gidajen tele su ware awoyi ga shirin gida, ta kuma zuba kuɗi. Ina goyon bayan awoyin, musamman yanzu da kundin 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. Ba ma'ana a rubuta haka a takarda alhali abin da yaro ke ji da dare duk daga ƙetare yake. Kuɗin gwamnati kuwa ina ɗari-ɗari da su. Wasannin zamanin samariya da muke yabo, da yawansu saƙon hukuma suke ɗauke da shi, kuma wanda ya biya mawaƙi shi ke zaɓar waƙa. Shirin da zai taɓa maganar gadar Kennedy da gaskiya ba daga aljihun mai mulki zai fito ba, ko wane ne shi.

Saura mu ke nan. Akwai samari a Damagaram da Maraɗi da Yamai da ke haɗa kuɗi su ari kyamara su yi shiri su ɗora a YouTube. Sautin yakan yi rauni, hasken yakan gaza, labarin ma sau da yawa kwaikwayon na Kano ne, har da waƙar soyayya a lambu, don abin da suka tashi suna gani ke nan. Mukan kalli minti biyar mu ce bai kai na Kano ba, mu rufe. Gaskiya ne bai kai ba. Amma finafinan Kano na farkon shekarun 1990 ma ba su fi haka ba, mutanensu ne suka yi ta sayen kaset a haka har masu yi suka ƙware. Mu kuwa in ma mun ga dama mun kalli na gida, wurin mai tura fim a waya muke zuwa mu ba shi ƴan daloli ya zuba mana a kati. Shi ya samu na koko, wanda ya sayar da babur ɗinsa ya yi shirin ko dala ba ta kai gare shi ba, kuma in ya gaji ya hau motar Kano, mu ne za mu fara cewa ba shi da kishi.