Jobs Ya Dawo, Wanda Bai Dawo Ba Fa?



Labarin Steve Jobs ya zama abin rarrashi a bakin matasanmu. An sallami mutum daga aiki ko jarinsa ya karye, sai ka ji an ce: yi haƙuri, ai Jobs ma an ture shi ya dawo.

Labarin dai gaskiya ne. Da shi aka kafa Apple a Amurka a 1976. Shi ya janyo John Sculley daga Pepsi a 1983, amma da rigima ta tashi tsakaninsu a 1985, sai hukumar kamfanin ta goyi bayan Sculley, Jobs ya fice. Ya kafa NeXT. A ƙarshen 1996, Apple yana tangal-tangal, ya sayi NeXT ɗin, a 1997 ragama ta koma hannun Jobs. Bayan shekara 10 iPhone ta fito.

To amma wane irin haƙuri muke koyarwa da wannan? Idan na daure ne don ina lissafin wata rana za a dawo ana roƙona, wannan ba sabr ba ne, jari na zuba ina jiran riba. Ranar da ribar ta ƙi zuwa, wa zan tuhuma? Nan ne fa wasu ke fara munana zato ga Ubangijinsu.

Kuma masu ba da labarin ba sa ambaton Ronald Wayne, na uku cikin waɗanda suka kafa Apple. Kwanaki kaɗan da farawa ya saki kasonsa, kashi 10 cikin 100, a kan dala 800, don tsoron kada bashin kamfanin ya hau kansa. Bai dawo ba. Yau dariya ake masa, alhali gudun bashi ya yi, abin da Annabi (SAW) ya yawaita neman tsari daga gare shi.

Wani zai ce, ai Annabi Yusuf (AS) ya fito daga kurkuku ya hau mulki. Haka ne. Amma Mus'ab bin Umair (RA) fa? Matashin da ya fi kowa gata da sutura a Makka, ya rasa komai saboda imani. Bai ga Fathu Makka ba, bai ga ganimar Farisa ba. A Uhudu ya yi shahada, mayafinsa bai ma isa likkafani ba: in an rufe kai ƙafafu su fito, sai da aka rufe ƙafafun da ciyawar izkhir.